Jiran Shari'a a Kirikiri

Sunana Nomau, mutumin Illela.
Shekara tara ina gadi a Ikoyi,
baƙar ƙofar ƙarfe, fitila huɗu, kare biyu.
Na san ƙarar motar maigida cikin motoci dubu.
Ko mangwaron da iska ta kaɗo a tsakar gidan
ban taɓa kai shi baki ba sai na tambaya.

Ran da sarƙar zinariya ta ɓace a bene,
ba a tambayi ɗan gida ba,
mai dawowa da asuba, idanu jajur.
Aka waiwayo wanda ba shi da kowa a garin,
aka ce ai su ne, halinsu ke nan.
Katangar da ta fi gajarta ita ake tsallakewa.

A caji ofis suka miƙo takarda
cikin harshen da ban iya karantawa ba.
Suka ce dangwala. Na ce me ta ce?
Kulki ya ba ni amsa, a gadon baya, a gwiwa,
har babban yatsana ya yi abin da bakina ya ƙi.

Damina ta uku ke nan.
Mu arba'in da shida a ɗakin mutum goma,
barci ma sai an bi layi.
Sauro na tasowa daga bakin ruwa kamar aikakku,
jiragen Apapa na kuka da tsakar dare,
ina jin su, ban taɓa ganinsu ba.
Sau goma sha ɗaya an loda mu a baƙar mota:
yau alƙali na hutu,
gobe fayil ya yi ƙafa,
jibi mai ƙara bai samu zuwa ba.
An ɗaga. An ɗaga. An sake ɗagawa.

Ya Rabbi, me zan ɓoye Maka?
Akwai daren da zuciya ta ce Ka manta da ni.
Na ciji leɓe, na nemi gafara,
sai ga Baba Ajani, mai facin taya daga Mushin,
ya turo mini rabin gorar ruwansa na alwala.
Ifeanyi na durƙushe a kusurwar da muka bar masa,
yana kiran Ka da irin nasa bakin.
Na ce ashe Kana nan,
har a inda ɗan'uwa ba ya iya leƙowa.

Akwai kotun da nake jira.
Ba a ɗaga zamanta.
Alƙalinta ba Ya hutu, gyangyaɗi ba ya kama Shi,
ba a rusuna Masa da ambulan a hannu.
Can ba na bukatar tafinta, Hausata ta isa.
Yatsan nan nawa zai buɗe baki,
kulki zai faɗi sau nawa ya sauka,
sarƙar da kanta za ta nuna aljihun da ta kwana.

Ban roƙa wuta ta ci gidan ba.
Akwai 'yar yarinya a ciki
mai kawo mini biskit a ɓoye, tana ce mini Baba Megadi.
Gaskiya kawai nake so ta fito,
ko da rarrafe ne, ko da ta makara.

Tasalla ta aiko saƙo ta bakin direban albasa:
gero ya yi kyau bana,
'yar da na bari a goye har ana aikenta kanti,
kuma ba wanda ya yarda a unguwa.
Wannan ya ƙosar da ni fiye da waken nan mai tsakuwa.

Wanda Ya fid da bawa daga rijiya,
Ya fid da wani daga cikin kifi,
makullin Kirikiri ba zai gagare Shi ba.
In Ya buɗe a nan, alhamdu lillahi.
In Ya ajiye sai can, ajiyarSa ba ta ɓata.

An ce Litinin za a sake kiran suna.
Na wanke rigata da guntun sabulun da ya rage,
na shanya ta a ƙarfen taga.